Cinikin Guga a Matamaye

Shekarar fari, zamanin soja, tsoho Sallau ya tarar da wani a kasuwar Matamaye ya kasa gugan lambunsa yana gyangyaɗi.

"Malam, tashi! Noman ka bari?"

"Ciwon sukari ne, Baba. Da dare fitsari, da rana kasala."

"Sukari? Shekarata tara da shi! Sau biyar yake tashina da dare, kowane tashi sai na ba fangalin albasa ɗaya ruwa. Rana ta take, in miƙe gindin mangwaro in yi minsharina. Albasar kowa ta ƙone, tawa har Damagaram! To, nawa gugan?"

Mutumin ya janye gugansa.

"Na fasa, Baba."

Sallau ya tuntsire da dariya.

"Bakina ya cuce ni! Je ka ja ruwa, ɗana."