Rakiya, Na Yarda

Sallama gare ka mai gabatarwa, da masu saurare. Ni ne Iliyasu mutumin Kalfu, shekarata bakwai ina dako a Abijan.

Ɗiyata Rakiya ta nemi izinina ta shiga fim ɗin da samarin Tawa ke shiryawa, labarin saurayin da ya tafi biɗa. Na hana. Na gaji da irinsu: saurayi na zama mutum, mace kuwa aikinta kuka a bakin ƙofa.

Ta ce, "Baba, kalli nasu na bara tukuna." Ta turo mini a waya.

Mu shida munka kalla a ɗaki. Sai ga yayar saurayin tana haƙar ramukan shuka a kan fako, tana yi mishi faɗa, shi ko kai ƙasa. Abokina ya ce, "Iliyasu, wagga ai matarka ce." Munka yi ta dariya, don gaskiya ce, ita ke riƙe da gonata.

Ban ce duka sun gyaru ba, amma waɗanga sun san darajar mata. Rakiya, na san kina kusa da rediyo: na yarda. Ki gaida innarki, ki ce mata na gode.