Amon Sandar Itsuki

A tashar bas ta bayan filin besbol na yara a garin Imabari, ana yayyafi, na ji wani tsoho yana yi wa wata mata mai jakar sandar buga ƙwallo magana.

"Kin ji amon sandar yaron da ya ci mu? An kankare cikinta, shi ya sa ƙwallo ke tashi haka. Jikana ne ya jefa masa ƙwallon. Yana can yana kuka, wai hannunsa ya mutu."

"Baba, kunnen tsufa ne. Itsuki kullum yana atisaye har tafin hannunsa ya fashe."

"Ashe ɗanki ne. To miƙo sandar in ƙwanƙwasa."

Ta rungume jakar. "Ka san in ka kai ƙara duk ƙungiyar za a dakatar. Yaran da ba su san komai ba su ma sai sun jeru sun sunkuya suna neman gafara."

"Ban ce zan kai ba. 'Yata, wa ya taɓa sandar?"

Ta dubi jakar. "Ubansa ya ɗauka, wai zai sake naɗe mariƙin. Ban tambaye shi ba."

"Yaron ya sani?"

"Shi gani yake ƙarfinsa ne ya zo."

"Jikana kuma gani yake nasa ya tafi," in ji tsohon. "To wanne za mu bari da ƙaryar?"

Bas ta tsaya, ta buɗe ƙofa, ta rufe. Babu wanda ya tashi a cikinsu.