Sawun da Ya Shiga Bai Fita Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya. Ni yarinya ce daga Karare.

Da satar hatsi ta yi yawa, 'yan sintirin unguwarmu suka ce kowane gida ya riƙa barbaɗa toka a ƙofa bayan magariba, don a ga sawun ɓarawo. Sata kuwa ta ragu.

Ran Juma'a da safe na ga sawun ƙato ya shiga zaurenmu, babu na fita. Muka duba ko'ina, ba kowa, ba abin da ya ɓace. Baba ya ce, "Share, ki yi shiru."

Jiya na barbaɗa toka a ƙofar ɗakinmu a ɓoye. Yau na tarar da sawun a kanta.

Malam, in gaya wa 'yan sintiri, ko in bi maganar Baba?