Mugun Talabijin a Teburin Tumatir

A kasuwa, wata dattijuwa mai tumatir ta tsura wa mai saye ido.

"Kai ne mugun nan na talabijin, wanda ya kori matarsa da jinjiri?"

"Wasa ne, Mama. Rubuta mini ake yi."

"Wasa? Har kuka na yi!"

Ya sauke numfashi. "Ni ma na gaji. 'Yata ta ƙi komawa makaranta, wai 'yar mugu suke kiranta."

"Subhanallahi! To ka ce su mai da kai mutumin kirki mana."

"Na sha roƙonsu. Sun ce fuskata ba ta dace ba."

Ta sake dubansa, ta girgiza kai. "Ba su yi ƙarya ba, ɗana. Ungo gyara, ka kai wa yarinyar."