Buhun shinkafar da suka kawo mini

Assalamu alaikum malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da aiki. Sunana Hajara, mutuniyar Dogon Dutsi, ina zaune a unguwar Bukoki, nan Yamai.

Ɗana guda ne, Isufu. Da farin rashin ruwa ya cinye gonarmu, sai ya shiga soja don mu samu abin ci. Bara aka kai su iyaka ta gabas, inda yaƙin maƙwabta ke tsallakowa. Wata biyu ke nan wani sarjan ya sauko daga kamiyo, babbar motar soja, a ƙofar gidanmu, ya cire hula, ya ce, “Inna, sai haƙuri, can muka rufe shi.” Suka ajiye mini buhun shinkafa na ta'aziyya, suka tafi. Ban ga gawa ba, ban san kabarin ba.

Malam, har yau ban kwance bakin buhun nan ba. Yana jingine inda Isufu ke shimfiɗa tabarmarsa, ni kaɗai da shi a ɗaki. Maƙwabciyata Fati ba ta taɓa roƙona ba, amma yaranta huɗu ruwan dusa suke sha, kuma ina jin kukansu ta katanga. Jiya na ɗauki wuƙa zan yanke zaren, hannuna ya ƙi. Gani nake ranar da shinkafar ta ƙare, ba sauran abin da ya zo mini daga wajensa.

Iyaye mata masu saurare, wadda aka taɓa kawo mata irin wannan buhu, don Allah ta gaya mini yadda ta yi ta buɗe nata. Yaran Fati ba za su iya jira na daɗe ba.