Jirgin da Aka Gyara

A tasha, jirgin ƙasa ya wuce cike maƙil, ya bar wata dattijuwa da wani magidanci.

"Inna, ke ma ba ki samu shiga ba?"

"Wanda aka gyara nake jira, ɗana."

"Ai shi ne ya wuce. Ba ki ga sabon fenti ba?"

"To, ina kujerun?"

"Gyaran ke nan. Taragu sun yi kaɗan, sai aka cire kujerun don a ƙara cusa mu."

Ta daɗe tana murza gwiwarta.

"Wuni nake a tsaye ina guga. In na koma gida, girkin jikoki na jirana. A jirgin nan kaɗai nake zama."

"Yi haƙuri, wani na tafe."

"Da kujeru?"

"Da su. Sai gobe za a kai shi gyara."