Cincin Mai Jan Zare

Washegarin bikin Halowin, a tashar bas ta Silver Spring a Amurka, wata tsohuwa ta ji Aliyya tana waya da Hausa, sai ta matso.

"'Yata, an ce yara za su bi gida-gida neman alewa. Na yini ina soya musu cincin, kowace leda na ɗaure da jan zare. Yau na tarar da ledojin a shara."

"Mama, a nan ba a bai wa yaro abin da ba kamfani ya rufe ba. Tsoron guba ake."

"Guba? Ni? Jikokina a Funtuwa kokawa suke a kansa!"

Aliyya ta sunkuyar da kai. Leda biyu masu jan zare ta cire jiya daga jakar 'ya'yanta, ta jefa a shara.